Tashin gida a Sakkwato: kafin ka tambayi kuɗin dako, tambayi wa zai biya ɓarna

Duk wanda zai tashi daga gida a Sakkwato, ko daga Mabera zuwa Arkilla ne, ko daga cikin gari zuwa sababbin gine-ginen Bado da Dambuwa, hanya ɗaya kusan kowa ke bi. A je bakin kasuwa ko tasha a yi jinga da mai a-kori-kura ko mai Kanta, shi kuma ya yafito majiya ƙarfi uku ko huɗu, a zo a kwashi kaya. Yanzu kuma ga kamfanonin kwasar kaya suna talla a Facebook, da rufaffiyar mota da ma'aikata masu riga iri ɗaya, suna cewa su ƙwararru ne masu rajista. Akasarinsu a Legas da Abuja suke da zama, kuma kuɗinsu ya ninka na 'yan dako nesa ba kusa ba. Sai mutane suka rabu biyu: masu ganin kamfani almubazzaranci ne, da masu ganin ɗaukar 'yan dako ganganci ne.

A ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Idan tashin cikin gari ne, 'yan dako sun isa, amma da sharaɗin a cire musu wasu kaya huɗu ko biyar waɗanda ba ƙarfi suke buƙata ba. Idan kuwa kaya za su bar jiha, bai kamata a ɗora su a motar wanda ba zai sa hannu a takarda ba, ko ɗan tasha ne ko mai kamfani. Abin da ke raba aikin biyu shi ne wanda zai ɗauki asara idan wani abu ya fashe ko ya ɓace, kuma mutane ba su cika yin wannan tambaya ba sai bayan ta faru.

Mu fara da ɗan dako. A fikihun Malikiyya, wanda shi kotunan shari'ar Musulunci ke bi a jihar nan, mutumin da aka ɗauka dako amintacce ne. In kaya suka lalace a hannunsa ba tare da ganganci ko sakaci ba, babu biya a kansa. Malamai sun ware mai dakon abinci, sun kuma ware masu sana'ar hannu irin su tela da maƙeri a kan abin da suka tafi da shi wurin aikinsu, amma mai ɗaukar gado da kujera yana kan asalin hukuncin. Ke nan sai ka tabbatar da sakacinsa. To a ce ma ka tabbatar. Mutumin da ke cin abinci daga abin da ya samu yau, ina zai samo kuɗin talabijin mai inci 55? Ƙarshenta dattijan unguwa za su shigo, a ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, kuma dole ka haƙura. Saboda haka wanda ya ɗauki 'yan dako ya sani cewa shi ne inshorar kansa. Wannan ba aibi ba ne, matuƙar ya san da haka ya kuma tsara aikin a kai.

Tsarin yana farawa ne da raba kaya. Gado, katifa, kujerun kushin, buhunan hatsi, tankin ruwa, akwatuna da jakunkuna, waɗannan aikin ƙarfi ne, kuma babu kamfanin da zai nuna wa ɗan dakon Tsohuwar Kasuwa yadda ake ɗaukar nauyi. Yana ma da abin da kamfani ba shi da shi. Lungunan cikin gari, wajen Kanwuri da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke, da yawansu babbar mota ba ta shiga. Sai an sauke a bakin titi an bi da amalanke ko baro, ko a kai. Gidan gargajiya kuma zaure gare shi mai kwana, wani har biyu, don kada na waje ya hango cikin gida. Kujera mai zaman mutum uku takan kai mita 2 a tsawo, ƙofar ɗaki kuwa faɗinta santimita 75 zuwa 90 ne. Sai an tayar da ita tsaye an murɗa ta a kwanar, wani lokaci sai an cire ƙafafunta ko an kwance ƙyauren. Wanda ya saba da irin waɗannan gidaje yana kallon zauren zai gaya maka ta wuce ko ba ta wucewa. Duk da haka ka ɗauki tef ka auna ƙofofin sabon gidan tun kafin ranar, don babu takaici kamar sif ta iso tsakar gida ta ƙi shiga ɗaki.

Kayan da ke jawo rigima daban ne, kuma kusan kullum su ɗin ne dai.

Na farko na'urar sanyaya ɗaki mai gida biyu. Gas ɗinta yana zagayawa tsakanin ta ciki da ta waje ta bututun jan ƙarfe guda biyu, siriri da mai kauri. Wanda bai sani ba zai sa sufana ya kwance notin, ka ji tsiii, gas ya tsere gaba ɗaya, sai ka sayi sabo. Mai gyara kuwa zai kunna ta tana sanyi, ya rufe bawul ɗin siririn bututun da makullin alan, ya jira kamar rabin minti zuwa minti ɗaya kwamfiresa ta janye gas ɗin duka zuwa ta waje, ya rufe bawul ɗin mai kauri, ya kashe wuta nan take, sannan ya kwance. Zai kuma toshe bakin bututun da salatif, domin ƙurar garin nan in ta shiga, ita ce za ta toshe na'urar bayan wata biyu ka rasa dalili. Aikin na buƙatar wuta, don haka a yi shi kwana ɗaya ko biyu kafin tashi, lokacin da aka kawo wuta ko da janareta. In ka bar shi sai ranar, mota na jira, direba na matsa hon, to sufanar nan za a sa.

Na biyu firji da firiza. A cire su daga wuta tun daren jiya ƙanƙarar ta narke da kanta. Kada a sa wuƙa a ɓamɓare ta. Bututun gas a jikin bangon yake, kuma gas ɗin yawancin firjin zamani, R600a, yana kama wuta. A fitar da gilasan ciki a naɗe su daban, a ɗaure ƙofar. A mota a tsaye ake ɗora firji. Idan aka kwantar da shi, man da ke cikin kwamfiresa yana gangarowa cikin bututu, in aka kunna shi a haka kwamfiresa za ta yi aiki babu mai, ko bututun ya toshe. Wanda ya yi tafiya a tsaye a bar shi awa 4 kafin a kunna, wanda aka kwantar a ba shi kwana guda cur. 'Yan dako suna son kwantar da shi saboda ya fi sauƙin ɗaurewa kuma ana iya ɗora kaya a kansa. Maigida kuma yana son kunnawa da isowa saboda ana zafi ana son ruwan sanyi. Su biyun ne ke haɗuwa su kashe firji, sannan kowa ya ce ɗayan ne.

Na uku sola. Batir mai ruwa na 200Ah ɗaya ya fi buhun siminti nauyi, ga asid a ciki, in aka karkata shi ya zubo zai cinye katifa da kafet da fatar hannun mai ɗauka. Wajen kwancewa akwai tsari: a kashe inbata, a cire wayar faifan sola daga kwantirola, wato na'urar daidaita caji, tukuna, sannan a cire batir. Wajen haɗawa a juya, batir farko, faifai daga baya. Wanda ya saɓa wannan yana iya ƙona kwantirola. Sufana in ta haɗa kawuna biyun nan na batir, tartsatsin da za ta yi ya isa ya narka ta. Faifan kuma a gefensu ake jera su a tsaye da kwali a tsakani. In aka shimfiɗa su aka ɗora kaya ko aka taka, suna tsagewa ta ciki inda ido ba ya gani, sai dai ka ga caji ya ragu. A ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin a taɓa komai.

Talabijin na bango ma a tsaye yake tafiya, a kwalinsa in yana nan, in babu a naɗe shi da bargo a sa shi tsakanin katifu biyu. Injin wanki mai buɗewa ta gaba yana zuwa da notuna uku ko huɗu na riƙe gangar ciki, waɗanda ake cirewa ranar da aka saya a jefar. Su ake mayarwa kafin a ɗauke shi. Janareta a rufe famfon mai a tsiyaye tankin. Tukunyar gas a cire mata regileta, ta tafi a tsaye a buɗaɗɗen wuri, ba cikin but ɗin mota da rana tsaka ba.

Sai kayan ɗakin mata, kuma a nan ne rigimar ta fi zafi, domin ba na maigida ba ne. Iyaye ne suka yi wa 'yarsu, wani uban sai da ya sayar da gona. Gado da sif da madubin zamani yawanci da katakon MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam. Yana da kyan gani amma ba ya son a ja shi, ba ya son ruwa, kuma duk kwancewa ɗaya ramin sukurun yana ƙara faɗi. Sif mai ƙofa huɗu ko shida in aka ɗauke ta a haɗe, nauyinta ne zai yage mahaɗan. Kafinta ake kira, in da hali wanda ya haɗa ta tun ranar jere, ya kwance ta falle-falle, ya sa lamba a bayan kowane falle, ya zuba sukurori da hinjin kowane kaya a leda daban a manna a jikinsa. Farantan tangaran a gefensu ake jera su kamar yadda ake jera littattafai, kowanne a naɗe da takarda, a cike gurbin kwalin da tsumma har ya daina ƙara in an girgiza. Kwali kada ya wuce kilo 20. Babban kwali na kaya marasa nauyi ne, littattafai da tangaran a ƙanana.

In ka lura, duk wannan ba aikin kamfanin kwasar kaya ba ne tilas. Aikin mai gyaran sanyi ne, da mai sola, da kafinta, kuma duk akwai su a garin nan, kowannensu da shagonsa inda za ka same shi gobe in aiki ya ɓaci. Ladansu a haɗe da na 'yan dako bai kai abin da kamfani zai caje ka don kawai ya turo mota daga wani gari ba. Shi ya sa nake cewa a tashin cikin gari, ƙwarewar da kake nema tana nan kusa, sai dai a rarrabe take, kai za ka haɗa ta.

Yadda ake jingar ma yana da tasiri fiye da yadda ake zato. In ka yi ciniki a kan kowane sawu, direba zai riƙa lodi sama-sama don sawun ya yawaita. In ka yi a kan aikin duka, zai danne komai a sawu ɗaya, ya ɗora buhun gero kan madubi. Mafita ita ce ya zo ya ga kayan da idonsa, har da na sito da na bayan ɗaki, ku yarda a kan adadin sawu da kuɗin duka, har da saukewa da shigarwa ɗaki. Kalmar "saukewa" ta sha haɗa faɗa: kai kana nufin cikin ɗaki, su suna nufin ƙofar gida. Kuma ka ɗauki mutane ta hannun wanda aka sani, shugaban 'yan dakon wurin ko ofishin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tasha, ka riƙe lambar motar da lambar wayarsa. Wanda ka tsinta a bakin hanya, in ya yi kwana da motar kayanka, ba ka da inda za ka je.

Wajen lodi, masu nauyi ke fara shiga su jingina da bayan kan motar, a tsayar da katifu a gefe su zama kariya, a ɗaure kowane layi da igiya kafin a fara na gaba, a rufe da tamfol ko da ba damina ba ce. Mutum ɗaya ya tsaya a tsohon gida da takarda yana rubuta lambar kowane kwali da ya fita, wani a sabon gida yana sokewa, wani kuma ya bi motar. Zinare, kuɗi, takardun fili da na makaranta, wayoyi da kwamfuta, waɗannan ba sa shiga motar kaya ko kaɗan. Iyali su riga su tafi da su, wanda hakan ya kuma warware matsalar shigar baƙin maza gida. Kafin a kwance kayan wuta a kunna kowanne a gaban shugaban aikin a ɗauki bidiyo. Wutar da ake samu ba kullum take da ƙarfi ba, firji na iya mutuwa don kansa, amma in babu shaida, kai za ka ce su ne, su kuma su ce "wallahi Alhaji haka munka iske shi," kuma babu mai iya raba ku.

Akwai haƙƙin da ake dannewa a wannan harka, kuma na ɗan dako ne. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Mutum ya sa a fara kwasar kaya da azahar, ya ɗauki mutum biyu a aikin mutum huɗu don ya rage kuɗi, ko ruwan sha bai tanada ba, sannan in firiza ta suɓuce a matakala ya ce sakaci ne. A fara bayan sallar asuba a gama kafin rana ta take. Da azumi a yi da dare. In gilashi ya yanke ɗan dako ko bayansa ya riƙe, babu asusun da zai kai shi asibiti, mai kayan ne ya kamata ya tsaya masa. A kuma biya shi da gama aiki, kamar yadda hadisi ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Yawancin jifa da kaya da ake kuka da shi, daga wanda aka matse a ciniki yake fitowa, yana sauri ya je ya kama wani aikin.

Tafiya mai nisa kuwa wani lissafi ne. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Abuja, ko malamin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da zai koma Zariya, kayansa za su yi ɗaruruwan kilomita ta Talata Mafara da Gusau da Funtuwa, hanyar da kowa ya san halin tsaronta, ga ramuka, ga shingaye. Ba ya cikin motar, ba ya ganin inda ta kwana. Ɗabi'ar da aka sani kuma ita ce direba ya ƙara lodin wani a hanya, buhunan albasa ko fatu, a kan kujerunka, ko a sauya wa kayan mota a wata tasha ba da saninka ba. A nan kuɗin kamfani yake da ma'ana, amma sai in kamfanin ya sayar maka da abin da ɗan tasha ba zai iya ba.

Takardar da za su fara nuna maka ita ce ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Ka duba lambar a shafin hukumar na intanet, kyauta ne, amma ka san iyakarta: tana nuna an yi wa suna rajista ne kawai, ba ta nuna an taɓa gwada su a kan ɗaukar firji ba. Idan suka ce motarsu na da inshora, ka tambayi wace iri. Inshorar da doka ta tilasta wa kowace mota tana biyan wanda motar ta yi wa ɓarna a hanya ne, ba ta da ruwa da kayan da ke cikinta. Wadda ta shafe ka ita ce inshorar kaya a kan hanya, daga kamfanin da NAICOM, hukumar kula da harkar inshora, ta ba lasisi, kuma wanda ke ƙyamar inshorar da aka saba akwai ta takaful, wato mai bin tsarin Musulunci. Ka nemi ganin takardar, ka duba ko wa'adinta bai ƙare ba, nawa ne iyakar abin da take biya a lodi ɗaya, ko ta haɗa da fashi da gobara ko hatsari kaɗai, da kuma ko tana biyan abin da ya fashe a kwalin da kai ka ɗaure da kanka, don sau da yawa ana cire wannan. Kada ka ɗauka rajista na nufin biya cikakke. A Amurka, inda kamfanin da ke kai kaya daga jiha zuwa jiha sai da lambar gwamnatin tarayya, mafi ƙarancin diyyar da doka ta ɗora masa santi 60 ne a kan kowane fam na nauyin kayan, sai in mai kaya ya biya ƙari. Talabijin mai kilo 25 ke nan diyyarsa dala 33. In haka abin yake a inda ake sa ido, to a nan abin da ba a rubuta ba babu shi.

Kamfanin kirki zai turo mutum ya ga kayan, ko aƙalla ya zagaya da kai ta kiran bidiyo, kafin ya yanka kuɗi. Zai rubuta jerin kayan da ƙimar masu tsada, ku sa hannu ku biyu. Takardar ta faɗi lambar motar da sunan direba, ranar tashi da ranar isa, cewa motar taka ce kai kaɗai, cewa ba a tafiyar dare, da kwana nawa kake da su ka kawo ƙorafi bayan an sauke. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku ko rabi, ta asusun kamfanin ba na wani mutum ba, sauran sai an ƙirga kaya a can. Direban ya riƙe kwafin jerin da rasit na kayan da suka yi kama da sababbi, saboda motar da ta fito daga jihar kan iyaka jami'an kwastan na iya tsayar da ita. Ka kuma tambaye su kai tsaye: su wa za su yi lodin a Sakkwato? Kamfanin da ba shi da ofis a nan, sau da yawa direba da mutum ɗaya zai turo, su je tasha su ɗauko 'yan dakon da kai ma za ka iya ɗaukowa, a sa musu riga. Ba laifi ba ne in akwai mai kula da ya san aiki kuma takarda ta ce kamfanin ne zai biya ɓarnarsu. In kuwa suka fara kame-kame a kan wannan, ka koma tasha ka nemi direban da ƙungiya ta sani, ka rubuta taku yarjejeniyar a gaban shugabanninta, ka sayi inshorar lodin da kanka, ka sa ɗan'uwa ya bi motar.